Yabon Kaya Don Kuɗi: Ladan Aiki Ne Ko Cinikin Shaida?

Garin Jibiya da iyaka yake ci. Idan hanyar Magama zuwa Ɗan Isa da Maraɗi ta buɗe, mai ɗaukar kaya da ɗan canjin sefa da ɗan kamasho kowa ya samu na cefane, idan ta rufe kuwa tukunya ta huce. An rufe ta a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022, sannan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya sake jawo wani kullen har zuwa Maris ɗin 2024. Matashin da ya yi boko a irin wannan gari, ga waya a hannu ga babu aiki, ba abin mamaki ba ne ya karkata ga shafukan intanet da ke biyan mutum ya rubuta ra'ayinsa kan waya ko man shafawa ko otal. Abin tambaya shi ne ko wannan kuɗi halal ne. Ni dai abin da na fahimta, hukuncin yana rataye ne a kan abin da aka saya a hannun marubucin: wahalarsa ko shaidarsa.

Rubutu sana'a ce, kuma karɓar lada a kan aiki sananne ijara ce da malamai suka halatta. Wanda aka ba wa fitila mai aiki da hasken rana ya gwada, ya kunna ta dare bayan dare, ya lura batirinta kan mutu kafin asuba, ya zauna ya rubuta hakan dalla-dalla, guminsa ya ci. Amma mafi yawan abin da ake tallatawa ba haka yake ba. Ana turo wa mutum sunan otal a Dubai ko Landan a WhatsApp, a ce ya ba shi tauraro biyar a Google, ya ce ya kwana can ya ji daɗi, ya turo hoton shaida a biya shi. Ko Kano bai wuce ba. Jimla biyu ya buga, don haka ba wahalarsa aka biya ba. An sayi kalmar "na gani" daga bakin wanda bai gani ba. Manzon Allah (SAW) ya hana najashi, wato mutum ya taya kaya da tsada ba don zai saya ba, sai don ya ruɗi mai saye na gaskiya, kuma Imamu Malik ya kawo wannan hani a Muwaɗɗa. Mai yabon haya shi ma shigar mai saye yake yi don ya ja wani cikin ciniki. A Sahihu Muslim kuma akwai labarin tsibin abincin da Annabi ya cusa hannu ya ji danshi a ƙasa, ya tuhumi mai shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba. Aikin mai sharhi na gaskiya shi ne ya fito da jiƙaƙƙen sama, na haya kuwa ƙara lulluɓe shi yake yi.

Za a ce ai dillali ma yabon kaya yake yi ya karɓi la'ada, ba wanda ya ce haram yake ci. Gaskiya ne, sai dai a kara kowa ya san dillali dillali ne. Idan ya ce ragon nan ya kai, mai saye yakan buɗe bakin ragon ya duba haƙora, ya matsa gadon bayansa ya ji nama, ya rage wani abu daga zancen dillalin don ya san da rabonsa a ciki. Mai karanta sharhi ba shi da ragon a gabansa, kuma ya ɗauka mai magana ɗan'uwansa ne mai saye da ba ya da ko kwabo a cinikin. Wannan amanar ita ake sayarwa a ɓoye. Malaman Malikiyya sun tsananta a nan har suka ce mai shaida da ya amfana da bayar da shaidarsa ya zubar da ita, in ban da abin hawa ga wanda tafiya ta yi wa wuya. Sharhi ba shaidar gaban alƙali ba ne, amma dalilin ɗaya ne: bakin da aka cika ba ya faɗin aibi.

Wasu kuma kan ce wanda za a ruɗa yana can wata duniya, wataƙila ma ba Musulmi ba ne. Haramcin ha'inci bai taɓa tsayawa a kan iyaka ba, kuma bai tambayi addinin wanda aka cuta ba. Su kansu mutanen can sun gane ɓarnar. Amazon ya hana sharhin da ake ba da kyautar kaya a kansa tun 2016, hukumar kasuwanci ta Amurka kuma ta kafa doka a 2024 mai cin tarar masu saye da sayar da sharhin ƙarya.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta talauci, kuma ba na raina ta. Garin da aka rufe masa iyaka, 'yan bindiga suka hana shi noma, har layukan waya aka katse masa a 2021, ba a yi masa wa'azin ƙoshi. Amma lalurar da ke halatta haram ita ce ta tsoron halaka, gwargwadonta, ba neman ƙarin kuɗin data ba, kuma ba ta halatta ɗora cutar a kan wani talakan da zai sayi jabun caja da ɗan abin da ya tara. Ga shi kuma da yawan waɗannan ayyuka tarko ne: a biya ka kaɗan sau biyu, a ce ka zuba naka don a ɗaga ka zuwa babban mataki, daga nan lambar ta daina shiga.

Ƙofar halal tana nan, ƙarama ce dai. Sharuɗɗanta su ne ya zama ka yi amfani da abin da kanka, ladanka ba ya ƙaruwa don ka yaba ko ya ragu don ka kushe, kuma ka faɗa a fili cewa an biya ka ko an ba ka kayan kyauta. Shafin da ya ce ba zai karɓi ƙasa da tauraro huɗu ba, ko ya hana a ambaci biyan, ya saɓa wa ɗaya daga sharuɗɗan nan biyu na ƙarshe, komai kyan kayan da yake tallatawa.