Haƙurin Mai Jiran Gari Ya Washe

A garin Birr da ke tsakiyar ƙasar Ayalan, wani basarake mai suna William Parsons, wanda aka fi sani da Lord Rosse, ya kammala gina na'urar hangen taurari a 1845, irin wadda duniya ba ta taɓa ganin mai girmanta ba. Faɗin madubinta inci 72 ne, an zuba shi da narkakken jan ƙarfe da kuza, nauyinsa wajen tan 3. Bututunta ya haura mita 16, an rataye shi da sarƙoƙi tsakanin manyan katangu biyu na dutse. Sai a 1917 aka sami wadda ta fi ta, a Dutsen Wilson na Amurka.

Sai dai Ayalan ƙasar ruwa ce. Gajimare daga Tekun Atlantika yake tasowa ya lulluɓe sama dare bayan dare. Katangun da ke kare bututun daga iska kuma sun hana shi juyawa gabas ko yamma sai ɗan kaɗan, saboda haka in abin da ake nema ya ratsa ta gabansa, bai fi sa'a guda ake da ita ba. Mutum ya hau dogon dandamali cikin tsananin sanyi, takarda da fensir a hannu, yatsu sun ƙage, ma'aikata a ƙasa suna riƙe da abin murɗa sarƙa suna jiran umarni. Daidai lokacin da tauraron zai iso, sai gajimare ya rufe. A sauko, sai gobe, in goben ta yiwu. Kan haka ga raɓa da danshi suna dusashe madubin, har ya zama dole a tanadi guda biyu, ɗaya yana aiki ana goge ɗayan.

Wannan gogewar ita ce ta fi burge ni a labarin. Da yawanmu mun mai da haƙuri naɗe hannu, a zauna a ce ana jiran lokaci. Mutanen Birr ba su da iko da sama, amma suna da iko da madubi, kuma a kansa suke cinye ranakun da gari ya ƙi washewa, don kada daren da ya yi kyau ya same su ba shiri. Da haka ne a watan Afrilun 1845 Rosse ya hango wani dishi-dishin haske da ake kira M51 yana murɗe kamar katantanwa, ya zana shi da hannu. Shi ne farkon wanda ya ga wannan siffa. Sai bayan kusan shekara 80 masanin taurari Edwin Hubble ya tabbatar cewa irin waɗannan murɗaɗɗun haske gungun taurari ne masu zaman kansu, can nesa da namu.

A shekarar 1845 ɗin kuma cuta ta kama dankalin Ayalan, yunwa ta ɓarke, ta hallaka mutum kusan miliyan 1. Rosse ya jingine na'urar da ya kashe dukiya da shekaru a kanta, ya koma hidimar masu yunwa, ba a dawo da aikin sosai ba sai wajen 1848. Wannan ma haƙuri ne, kuma a ganina ya fi na tsayuwa cikin sanyi wuya.

Amma doguwar jira tana da tarko, kuma mutanen Birr sun faɗa ciki. Suna son tabbatar da cewa kowane dishi-dishi a sama taurari ne da nisa ya cuɗe su, har suka sanar cewa sun rarrabe taurarin da ke cikin wani dishi-dishi da ake kira hazon Orion. Daga 1864 masanin taurari William Huggins ya nuna ta hanyar binciken launukan haske cewa irin wannan hazo iskar gas ce mai ƙyalli. Idon da ya gaji da jira yakan ga abin da zuciya ke so.

Mu ma mun san wannan jarrabawa. Ranar 29 ga Sha'aban ko Ramadan, jama'a kan fita bayan faɗuwar rana suna duban yamma, wata shekarar cikin hazon hunturu, wata shekarar hadari ya haɗu. Shari'a ta hutar da mu: in an kasa gani, a cika kwana 30. Duk da haka kowace shekara sai an sami masu gaggawar yaɗa labarin ganin wata a waya tun kafin Fadar Sarkin Musulmi ta yi magana, gari guda ya rabu biyu, maƙwabci na azumi maƙwabcinsa na Salla.

Don haka, ɗan'uwa, in ka fita duban wata ka tarar sama a rufe, ka dawo gida ka ce ba ka gani ba. In kuma ka gani, ka kai shaidarka ga hakimi ko kwamitin ganin wata na yankinku, ka jira sanarwa.