Uwargida Mai Keke, Lokacin Wa Kika Sayar?

Yau maganar tamu a kan sana'ar hannu ce, wadda da yawanmu muke yi a cikin ɗakunanmu. Daga Babura zuwa Kazaure, Roni da Gwiwa, da wuya ki shiga unguwa ba ki ji ƙarar keken ɗinki ta bayan katanga ba. Wata Butterfly gare ta, wata tsohuwar Singer ta gado, wata kuma allura da zare ne kawai tana ɗinkin hula, ko kwarashi tana saƙa kayan jarirai. Wannan abin alfahari ne. Uwar Muminai Zainab bint Jahsh (RA), wadda ta rasu a shekara ta 20 bayan Hijira, da hannunta take jima da ɗinkin fata, ta yi sadaka da abin da ta samu. Aya ta 32 a Suratun Nisa'i ma ta tabbatar wa mace rabonta cikin abin da ta nema. Saboda haka babu mai ce miki ki rufe keke.

Tambayar ita ce: idan mata ta kawo miki turmin atamfa kika ce mata "turo yaro ranar Laraba", me kika sayar mata? Ɗinki ne, haka ne, amma har da wani yanki na lokacinki. Shi kuwa lokacin matar aure masu haƙƙi a cikinsa suna da yawa: salla, girki, maigida, shirya yara zuwa boko da Islamiyya, dubiya, barka, ga jikinki da ke neman hutu. Yini ɗaya ne, ba ya ƙaruwa don aiki ya yi yawa.

Abin ya fi fitowa fili a watan azumi. 'Yan kasuwa sun ɗauko kaya daga Kantin Kwari a Kano, magidanta sun saya, sai a yi ta sallama da leda a hannu. Ke kuma kina ta karɓa kina cewa "in sha Allahu", alhali ga sahur, ga kunu da ƙosai, ga asham. To, mu yi lissafi. Azumi kwana 29 ne ko 30. Idan riga da zani da ɗankwali ɗaya kike iya gamawa a yini bayan hidimar gida, kika karɓi kaya 45, ai tun ranar karɓa kin san akwai mutum 15 da ba za su samu ba. Wani ne zai biya wannan giɓin: ko yarinyar da za ta wuni tana kuka ranar idi ƙawayenta sun yi ado, ko 'ya'yanki da za su sha tsawa da ɗumame, ko idonki da bayanki da za su kwana kan keke da fitila.

Za ki iya cewa, "Haba, ai sallah ce kakar tela, in ban tara yanzu ba sai yaushe?" Gaskiya ne, kuma buƙata ba ƙarya ba ce. Wata kuma kunya ce ke hana ta mayar da kayan dangin miji ko na maƙwabciya. Amma duba da kyau: wadda kika ce wa "Yaya, wallahi bana na cika, ki kai wa wance" za ta ji haushi na yini ɗaya, ta samu mafita. Wadda kika riƙe wa kaya har daren sallah kuwa kin toshe mata kowace hanya. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya lissafa saɓa alkawari cikin alamomin munafunci, tare da ƙarya da cin amana. "In sha Allahu" kuwa ana faɗarta ne a kan abin da aka yi niyyar cikawa da gaske.

Haka batun ragowar ƙyalle. Turmi yadi 6 ne, mai kaya ce ta biya kuɗinsa duka. Guntayen da almakashi ya zubar, al'ada ta yafe su. Amma rabin yadin da zai isa rigar jariri nata ne, sai in ta ce ta bar miki. Tambaya ɗaya ta wadatar: "Ga ragowa, in haɗo miki ko in riƙe?"

Shawarata, uwargida, ki samu ɗan littafi ki rubuta sunan mai kaya da ranar karɓa. Ki auna abin da kike iya gamawa a mako, ki rage kwana biyu ko uku saboda zazzaɓin yaro ko baƙin da ba a zata ba. In littafi ya cika, ki daina karɓa. In lalura ta auku, ki aika tun da wuri, kada ki jira sai ɗan aike ya zo. Ki kuma zauna da maigida ku tsayar da lokacin keke, don kada sana'a ta zama sanadin ɓacin rai a gida.

Kuɗin ɗinki kaɗan da aka samu babu haƙƙin kowa a ciki ya fi albarka. Allah Ya sanya albarka a sana'o'inmu, Ya ba mu ikon cika alkawari, amin.