Fanshon Maigida: Gumin Wa Ke Ciki?

'Yar'uwa, ɗauki misalin matar da ta shekara 28 a ɗakin ma'aikacin sakatariyar Gwadangaji. Albashi ba ya kai ƙarshen wata, ita ke cike giɓin da kuɗin shinkafar fadama da take turarawa, da ɗan adashenta. Ana saura wata uku garatuti ya fito, sai ga takardar saki. Tana da wani abu a cikin kuɗin nan?

A Ingila, tun shekarar 2000 alƙali na iya yanko wani kaso na fanshon miji ya mayar da shi sunan matar. Amurka ta buɗe wannan ƙofa a 1984. Mu nan, dokar fansho ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, ta buɗe wa ma'aikaci asusu da sunansa shi kaɗai: kashi 8 cikin ɗari daga albashinsa, kashi 10 daga wanda ya ɗauke shi aiki. A kotun shari'ar Musulunci kuwa, dukiyar miji tasa ce, ta mata tata ce.

Kada ki yi saurin cewa an cuce mu. Wannan ƙa'idar ce ta hana maigida taɓa sadakinki da gadonki da awakinki. In kika ce a raba nasa biyu, to ki shirya a raba naki.

Amma ni dai zuciyata ba ta kwanta ba. Ciyarwa wajibinsa ce, ba taki ba. Duk kwanon da kika auna da kuɗinki, nauyinsa kika sauke, shi ya sa albashinsa ya yi rarar sayen fili. Ashe ba raba dukiyarsa ake nema ba, cire taki ake so a yi daga cikin tasa. Malaman Malikiyya ma sun taɓo wannan. A Maroko, Ibn Ardun ya yi fatawa a ƙarni na 16 cewa matar ƙauye da ta yi noma tare da mijinta tana da rabo a abin da suka tara. Dokar iyali ta ƙasar ta 2004 ta ba ma'aurata damar rubuta yadda za a yi da dukiyar da aka samu cikin aure.

Ga kuma mut'a, kyautar sallama da aya ta 241 cikin Baƙara ta ambata. A mazhabarmu mustahabbi ce, alƙali ba ya tilastawa, kuma kin san yadda maza ke yi da mustahabbi in ran ya ɓaci.

Alƙali a Birnin Kebbi ko Argungu shaida zai tambaye ki, ba hawaye ba. Don haka in za ki sa kuɗin adashe a ginin gida, ku faɗa tun ana dariya: bashi ne, kyauta ce, ko tarayya? A rubuta, shaidu biyu su sa hannu, ki ajiye takardar a wurin waliyyinki.