Shin Ya Halatta A Cika Zauren Wa'azi Da Ƙarya?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, tun daga 1977 da Kwalejin Abdullahi Bayero ta zama cikakkiyar jami'a, wato Jami'ar Bayero ta Kano, ba a raba ɗalibanta da shirya tarurruka: lacca, muhawara, musabaƙar Alƙur'ani, walimar yaye ɗalibai. Kowane taro kuwa sai an yi masa shela. Don haka ne ake ganin 'yan kwamiti suna zirga-zirga tsakanin makaranta da gidajen buga takardu na Sabon Gari da Fagge, daga nan su bi 'yan kasuwar Kantin Kwari neman gudummawa, sa'an nan su watsa sanarwar a WhatsApp da Facebook. Wannan ƙoƙari abin yabo ne, sai dai akwai wata ɗabi'a da ke shiga cikinsa wadda ya kamata a auna ta da ma'aunin Shari'a.

Wani lokaci akan buga sunan mashahurin malami da manyan baƙaƙe a matsayin babban mai jawabi, alhali kuwa takardar gayyata kawai aka kai gidansa, bai amsa ba. Akan kuma gaya wa ɗan kasuwa cewa dubbai za su halarta domin ya saki hannu, alhali zauren da aka kama bai kai ya ɗauki rabin haka ba. Ranar taro jama'a su yi ta jira, daga bisani a tashi a ce malam ya sami uzuri.

Masu yin haka suna da hujjarsu, kuma ba a rasa abin dubawa a cikinta. Sukan ce niyyarsu alheri ce, in ba a sa babban suna ba zauren zai zama wayam, matasa su tafi wurin kiɗa da rawa. Wanda kuwa ya zo don malamin da bai zo ba, ai ya ji nasiha daga bakin wani.

To, amsar ita ce kyakkyawar niyya ba ta halatta haram. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da hatsi, ya cusa hannunsa cikin tarin ya ji danshi, domin mutumin ya ɓoye wanda ruwan sama ya taɓa a ƙasa. Nan take ya tsawata masa, ya kuma nesanta mai algus daga kansa. In an hana ɓoye aibin tsaba, yaya kuma ɓoye gaskiyar taron da aka kira da sunan addini? Wanda ya biya kuɗin mota daga Fagge zuwa sabon matsugunin jami'a a hanyar Gwarzo ya sayi abin da takarda ta yi masa alkawari ne, da kuɗinsa da kuma wuninsa.

Zaluncin bai tsaya kan mahalarta ba. Malamin da aka ce ya sami uzuri, mutane za su watse suna ɗaukarsa mai saɓa alkawari, wanda hadisin Buhari da Muslim ya lissafa cikin alamomin munafuki guda uku. Ashe ke nan an shafa wa bawan Allah kashin kaji yana zaune a gidansa bai sani ba. Ɗan kasuwar da aka ruɗa kuwa, dukiyarsa ba ta halatta ga kwamiti ba, tun da yardarsa a kan labarin ƙarya aka gina ta.

Ko ta fuskar dabara ma, ramin ƙarya ƙurarre ne. Wanda aka yaudara bana ba zai dawo baɗi ba, ko da malamin ya amsa da gaske, sai kwamitin da ya gaji na yanzu ya girbi abin da bai shuka ba. A Sabon Gari, inda Musulmi da Kirista suke cuɗanya a kasuwa ɗaya, mai ɗab'in da ya ji ɗalibi yana cewa a sa sunan kawai ko bai amsa ba, ya riga ya karanci wani darasi game da Musulmi kafin a buɗe taron da addu'a.

Mafita ba ta da wuya. Kada a buga sunan kowa sai ya amsa, in bai tabbatar ba a rubuta cewa ana sa ran zuwansa. A gaya wa mai gudummawa ainihin girman zaure. In malami ya janye, a sanar ta hanyar da aka bi aka yi shelar farko. Suratun Nahli, aya ta 125, ta yi umurni da kira zuwa ga tafarkin Allah cikin hikima da kyakkyawan wa'azi, ba ta ɗora wa mai kira nauyin cika kujeru ba. Mutum talatin da suka zo a kan gaskiya sun fi albarka bisa ɗari uku da aka jawo da yaudara.

Ɗaliban yau su ne alƙalai da ma'aikata da masu tallar 'yan takara na gobe, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya shiryi matasan Musulmi, Ya sa su riƙe gaskiya a zuci da baki da alƙalami, amin.