Inda Ƙafa Ta Tsaya, Nan Fitila Ke Kamawa

A kasuwar Mai Wurno, bakin Shuɗin Nilu kudu da Sinnar, wani dattijo ya buɗe shafin intanet a wayarsa yana neman farashin gyaɗa. Ya taɓa nan, ya taɓa can, har ya rasa gaba ya rasa baya. Sai ya miƙa wa jikansa.

"Kai, ɗan nan, ina kuma na faɗa?"

"Kaka, dubi sama. Wanda ya yi launi, nan kake."

A saman shafin akwai sunaye a jere: Gida, Labarai, Kasuwa, Tuntuɓa. Dukansu baƙaƙe ne, sai ɗaya da ya yi kore, da ɗan layi siriri a ƙarƙashinsa kamar zaren kaɗi. Da yatsa ya taɓa wani suna, sai koren ya tashi ya koma can, na farko ya dushe ba gardama. Fitila ɗaya ce, wuri ɗaya take ci.

Yadda take aiki abin sha'awa ne. Kowane shafi yana da adireshinsa, kowane suna a jeren kuma yana riƙe da adireshin inda yake kai mutum. Duk motsin da aka yi, manhajar shafin takan ɗauki adireshin da ake ciki ta gwada da na kowane suna, wanda suka dace shi ke samun launi. Ba ruwanta da inda ka yi niyya, ba ruwanta da inda ka kwana jiya. Ko makaho ba a bar shi a baya ba: akwai ɓoyayyar alama da ake sa wa sunan, domin manhajar da ke karanta masa rubutu ta faɗa masa cewa wannan ne shafin da yake ciki.

Amma akwai wani tuntuɓe da kusan duk mai koyon sana'ar gina shafukan intanet yakan yi. Adireshin shafin Gida ɗan karkataccen layi ne kawai, wato /, kuma duk sauran adireshin da shi suke farawa. In aka ce manhajar ta duba farkon adireshi kaɗai, to ko'ina ka shiga Gida na nan a kunne. Kana Kasuwa, Gida na haske. Kana Labarai, Gida na haske. Fitila biyu sun kama, mai waya ya rikice.

Wanda ya san tarihin garin da dattijon nan yake zaune, dole ya ɗan yi shiru a nan. A 1903 aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a yaƙin Burmi, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a suka nufi gabas, har suka sauka a bakin wannan kogi. Bayansu mahajjata masu tafiyar ƙasa suka yi ta zuwa daga Kano, Katsina da Sakkwato. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, gonakin audugar Jazira suka buɗe, da yawa suka tsaya neman guzuri. Zangon shekara ɗaya ya zama na 'ya'ya da jikoki. Bawa Yamba, a littafinsa na 1995, ya nuna cewa har waɗanda aka haifa a ƙauyukan da mahajjatan suka zauna suna ɗaukar kansu matafiya ne da ke kan hanyar Makka. Gida a farkon adireshi, Makka a ƙarshensa, ƙafa kuwa tana cikin lakar Jazira.

To yaya gwanaye ke gyara tuntuɓen? Ba sa goge Gida daga jere, don wanda ya ɓata nan yake komawa. Sharaɗi kawai suke ƙara masa: kada ya kama sai in adireshin ya dace da shi daga farko har ƙarshe. Gida na nan a mazauninsa na farko, ana ganinsa daga kowane shafi, amma hasken na inda ake tsaye ne.

Haka Allah Ya tsara wa ɗan Adam. Asali ba ya gogewa, da shi kowane adireshi ke farawa, buri kuma ba laifi ba ne. Sai dai ruwan da aka sako yau, gonar yau zai shayar. Maƙwabcin da ke da haƙƙi a kanka shi ne wanda danga ta raba ku. Matafiyi ma in lokacin salla ya yi, daga inda ya tsaya yake neman alƙibla. Mai cewa "da a gida ne" kullum, da mai cewa "sai mun isa" kullum, duka sun bar fitila a kunne a ɗakin da ba kowa, su suna zaune cikin duhu.

Dattijon ya karɓi wayarsa, ya matso da ita kusa da ido, ya ga koren yana kan Kasuwa. Ya ɗaga kai ya dubi rumfunan da ke kewaye da shi, ya yi murmushi.

"To, wannan dai bai yi ƙarya ba."