Idan Aka Ce Hannunka Ne



A shekarun 1840, babban asibitin birnin Biyana na ƙasar Ostiriya yana da ɓangaren haihuwa biyu: ɗaya na likitoci da ɗalibansu, ɗaya na ungozomomi. Matan da zazzaɓin jego ke kashewa a hannun likitoci sun ninka na ɗaya ɓangaren kusan sau uku, har mata kan roƙa kada a kwantar da su can.

Wani matashin likita, Ignaz Semmelweis, ya sa ido. Ya lura likitocin kan fito daga ɗakin fiɗar gawa su wuce wajen masu naƙuda, ungozomomi kuwa ba ruwansu da gawa. A 1847 ya tilasta wanke hannu da ruwan kulorin. Mutuwar da ta kai kusan 18 cikin ɗari a watan Afrilu ta sauko kusan 2 a Yuni.

Kuna tsammanin an gode masa? Ina! Manyan likitoci da yawa suka yi watsi da maganarsa. Lokacin ba a tabbatar ƙwayoyin da ido ba ya gani suna haddasa cuta ba. Sai daga baya aikin Pasteur a Faransa da Koch a Jamus, wanda ya gano ƙwayar tarin fuka a 1882, ya gaskata shi. Shi kuwa tun 1865 ya mutu a gidan masu taɓin hankali.

Ni dai ban ɗauki likitocin nan mugaye ba. Kafin a faɗa musu, rashin sani ne, kuma uzuri ne. Amma yarda da Semmelweis na nufin mutum ya ce wa ransa: matan nan da na yi wa magani, hannuna ne ya kai su kushewa. Wa zai haɗiye wannan cikin sauƙi? Ka gaya wa mai abinci a kasuwa cewa ruwanta ne ya sa yara gudawa, ka ga ko za ta fara duba randa ko za ta fara da kai. To amma ranar da aka nuna musu lissafi, uzurin ya ƙare. Wankin hannu ne fa kawai. Ko da bai yi daidai ba, me suka rasa?

Shi ma yana da nasa. Ya amsa a rubuce cewa hannunsa na cikin waɗanda suka yi ɓarnar, wannan kam jarumta ce. Sai dai da haushi ya ci shi, ya riƙa rubuta wa manyan likitoci wasiƙu yana kiran su masu kisan kai. Suka ƙara toshe kunne, mata kuma suka ci gaba da mutuwa.