Takardun Goggo Sun Zama Toka

Ya ku jama'ar Bauchi, ina da ƙorafi a kanmu, kuma da gidanmu zan fara, don kada a ce laifi tudu ne, na taka nawa na hango na wani.

Goggona, ƙanwar mahaifina, ta rasu a Jahun bayan babbar Sallah. Allah Ya jiƙanta, Ya kai haske kabarinta. Ita ce ta ƙarshe a ɗakinsu. Da aka share makoki sai aka buɗe ɗakinta don rabon gado: kwalla, tasoshi, zannuwa, gado mai rumfa, da wata tsohuwar adaka a ƙarƙashin gadon. Cikin adakar akwai gafaka, cikin gafakar akwai takardun da kakanmu ya rubuta da hannunsa, da ajami, da tawadar da ya dafa da kansa. Na san takardun nan tun ina yaro. Goggo ba ta iya karanta su ba, amma duk Azumi sai ta fito da su, ta sa a karanta mata, tana share hawaye da gefen mayafi. Wane an haife shi ranar kaza. Wance ta rasu wurin haihuwa. Wane ya tafi haƙar kuza Jos lokacin yaƙin Hitila, bai dawo ba. Wane ya kama hanyar Makka a ƙafa, an ji labarinsa na ƙarshe a Sudan.

Ranar rabon gadon na iso gidan bayan azahar, na tarar da toka a bayan ɗaki, hayaƙi bai gama tashi ba. Ɗan wana, mai digiri, ya dube ni hankali kwance ya ce, “Baffa, rubutun Larabci muka gani, muka ce kada sunan Allah Ya wulaƙanta, shi ne muka ƙona.”

Ba Larabci ba ne! Hausa ce, Hausar kakan ubansa, sunayen mutanen da jininsu ke gudana a jikinsa. An ƙona. An auna kwalla, an ƙirga zannuwa, an kusa ba hammata iska a kan gado mai rumfa, amma ba a samu mutum ɗaya a cikin taron nan da ya ce a dakata a nemo mai karantawa ba. Ga masallaci a ƙofar gida, ga liman a zaune. An ƙona.

Ban ce yaron mugu ba ne. Niyyarsa mai kyau ce, Allah Ya ba shi ladanta. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da na tambaye shi sunan Goggo na yanka, sai ya yi shiru yana sosa ƙeya. Matar da ta goya shi, ta yi masa kunun yaye! “Goggo” kawai ya sani. Amma ce masa ya lissafo maka 'yan ƙwallon Arsenal, har da waɗanda ke zaune a benci, ka sha mamaki. Kuma kada ku yi masa dariya. Ku shiga gidajenku yau da daddare, daga Wunti har Nasarawa, ku tambayi 'ya'yanku sunan uwar kakarsu. Ku tambayi kanku ma.

Mu fa mutane ne masu alkunya. Mace ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta faɗin na ɗan fari, yaro ba ya kiran babba da sunansa. Al'ada ce mai kyau, ban ƙi ta ba. Sai dai iyayenmu da suke ɓoye suna a baki suna adana shi a zuciya da takarda. Mu mun riƙe ɓoyewar, mun zubar da adanar. Sai a wayi gari zuri'a guda tana da Inna, Goggo, Kawu da Kaka birjik a maƙabarta, babu wanda ya san ko wace Innar ce.

Abin kunya ne a garin nan musamman. Kowane ɗan makaranta zai gaya maka Malam Yakubu ne ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu, ya kafa birnin nan a 1809, ya rasu a 1845. Ana kwaso yara a motoci a kawo su kabarin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, a ba su labarin yadda aka kashe shi a Janairun 1966. Ana tuna Malam Sa'adu Zungur da ya rasu a 1958. Madalla, sun cancanta. To amma wa ya kwaɓa ƙasar da aka gina ganuwa? Wa ya ɗebo ruwan? Kakannin wasu ne, suna da sunaye, suna da ranar da suka faɗi. Fada tana da maroƙa da marubuta masu riƙe mata jerin sarakuna. Talaka ba shi da maroƙi sai jikansa. Idan jikan ya sa ashana, shi ke nan.

Wani zai ce ai wanda ya mutu ya mutu, addu'a kawai yake bukata. Gaskiya ne. Ba kuma zan shiga gardamar sadakar uku da ta arba'in ba, malamai sun ishe ta. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanar da mu cewa ɗa nagari mai addu'a yana cikin abubuwa uku da ladansu ba ya yankewa ga mamaci, ya kuma hore mu da sanin danginmu don mu sada zumunci. Yaya za ka sada zumuncin da ba ka san inda ya faro ba? 'Yan'uwanmu na Sudan, in suna nan, da wane suna za mu neme su yanzu? An ƙona sunan.

Don Allah, don Annabi, jama'a, ku ji tsoron Allah. Mutum ya rasu da safe, kafin azahar hotonsa ya cika Facebook da WhatsApp, kowa ya rubuta “Allah Ya jiƙan rai” ya wuce, bayan wata guda waya ta cika, a goge. Yaran da sanƙarau ya ɗauke mana a 1996, gida nawa ne za su iya faɗin sunayensu yau? Uwayensu kaɗai ke riƙe da su, su ma suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Tsohuwa tana zaune a ɗaki, ta san wanda aka haifa shekarar da aka canja hannun tuƙi, 1972, da wanda ya rasu shekarar da naira ta maye gurbin fam, 1973, amma mun mai da ita abin kai wa tuwo a fita da sauri. Littafi mai shafi arba'in da biro sun isa: ku zauna gabanta, ku rubuta.

Ni ma ban wanke kaina ba. Shekara nawa ina cewa zan je in kwafe takardun nan, ina cewa sai an sha ruwa, sai bayan Sallah, sai na samu hutu? Ina garin nan, tsakanina da Jahun tafiyar keke napep ce. Ban je ba. An ƙona, kuma har da sakacina aka hura wutar.

Ranar na tona tokar da tsinke, na samu guntu ɗaya da wuta ta ci gefensa, bai kai tafin hannu ba. Yana cikin aljihuna yanzu haka. Na kai wa limamin unguwar, ya sa tabarau ya karanta mini: wata ce ta rasu ranar Talata bayan la'asar, cikin watan Rajab. Wurin da sunanta yake, nan wutar ta ci.